Jar Jita da Doguwar Waya

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a garin Dayi ba, a farkon shekarun tamanin. Lokacin ina ƙaramin akawu a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, saurayi mai tulin suma da wando mai faɗin ƙafa da ke share titi kyauta. Na ɗan koyi kaɗa jita irin ta katako tun a makaranta, ɗan abin da ba a rasa ba. Amma a raina ni gwani ne, ƙasar ce kawai ba ta waye ba balle ta gane.

Abin da ya ja ni cikin wannan rigima kuwa, mace ce (to, da me kuke zato?). Abokina Sule zai auri babbar 'yar Alhaji Garba, wani babban manomin auduga a Dayi, ni kuma idona ya faɗa kan ƙanwar amaryar, Lantana. Mun ɗan fara gaisawa, har takan yi mini murmushi in na raka Sule zance. Matsalar ita ce Alhaji bai san da zamana a duniya ba. Sau nawa ina durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wajen. Ina so in tura magabatana, amma ina so kafin su je a ce sunana ya riga su shiga zauren. Sai na yanke cewa ranar bikin Sule zan kaɗa wa Alhaji jitar lantarki a gaban jama'a, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba a Dayi.

Wajen Sunday na nufa. Ubansa mutumin kudu ne mai shagon rediyo da batir a Funtua, shi kuwa a nan aka haife shi, Ɗanladi muke ce masa, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Shi ke kaɗa jita a cocinsu, kuma sun sami sababbin kaya suna neman rabuwa da tsofaffin. Ya shigar da ni bayan shago, ya jingina mini jitoci a bango.

"Wannan baƙar ta fi murya," in ji shi. "Ɗauki ka ji."

Ban ɗauka ba. Idona na kan wata ja mai walƙiya, mai ƙaho biyu, har da wani ɗan ƙarfe da ake girgizawa.

"Jar nan fa wuyanta ya ɗan karkace, kuma tana da tsaki in an ƙure ta," ya ce.

"Ɗanladi, daga nesa wa zai ga wuya? Ja nake so."

"Kai da kuɗinka, Malam."

Haka na zaɓi jita kamar mai zaɓen atamfa. Ya haɗa mini da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara mata murya, irin wanda ke aiki da batirin mota. Sannan ya fito da wasu 'yan akwatunan ƙarfe da ake takawa da ƙafa, feda yake ce musu, kamar na keke. Ɗaya in ka taka sai jita ta yi gurnani kamar tana mura, ɗaya kuma sai ta riƙa maimaita duk abin da ka kaɗa, kamar ka yi magana a cikin rijiya. Ya ce in ɗauki guda, mai koyo ba ya bukatar biyu. Kalmar nan "mai koyo" ce ta sa na kwashe duka biyun. Ya ba ni wayar jitar, wata gajera mai kauri, tsawonta bai fi igiyar ɗaure akuya ba.

Daga ranar ɗakina na gidan haya ya koma wajen ɗaukar murya. In na taso aiki sai in rufe taga da bargo, in ajiye rikoda a kan tukunya a gaban amfilifaya, in danna, in kaɗa, in juya kaset in saurara ina gyaɗa kai. Duk kaset ɗin da na ɗauka akwai zakaran maƙwabta a ciki, wani ma har da matar mai gida tana cewa, "Wai injin niƙa aka kawo gidan nan?" Duk da haka da na kunna wa Sule, cewa ya yi, "Wallahi kamar a rediyo!" (Ku riƙe wannan maganar tasa, za ta dawo.)

Ana gobe biki wani tunani ya zo mini. A ƙasarmu makaɗi ba ya tsayawa can nesa ya yi wa babban mutum kiɗa. Takawa yake yi har gabansa, ya rusuna, ya zuba masa takensa a kunne, shi kuma a yi masa liƙi. To ni yaya zan je gaban Alhaji, ga ni ɗaure da gajeriyar waya? Ban koma wajen Ɗanladi ba, don na san zai ce wani abu. Kasuwa na shiga na sayi wayar lantarki irin wadda ake jan ƙwan fitila da ita, na ce a yi ta warwaro mini. Na yanke wayar jitar gida biyu, na fere bakin da haƙori, na ƙulla doguwar a tsakiya, na naɗe da baƙin salatif. Na gwada a ɗaki tana naɗe a ƙasa, ta yi ƙara lafiya lau. Ai waya waya ce, na ce wa kaina.

Ranar Asabar na ɗora kayana a bas zuwa Malumfashi, daga nan na sake wata zuwa Dayi, jita a kan cinya, kowa na tambaya ko bindiga ce. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji. Dattawa suka zauna a gindin darbejiya, Alhaji a tsakiya cikin farar babbar riga, samari suka yi da'ira. An aro mini batir daga wata motar ɗaukar auduga, aka kuma jona mini lasifika aka rataye a reshe. Ni da bakina na ce a juya bakin lasifikar ya kalli cikin gida, wai don mata su ji. Lantana nake nufi.

Sule ya roƙi masu kalangu su ɗan dakata. Suka dakata suna hararata.

Farkon abin, gaskiya, ya yi kyau. Ina tsaye kusa da amfilifaya, waya na naɗe a ƙafata, na saki kiɗa. Wuri ya yi tsit, sannan aka ɗau sowa. Kaina ya kumbura. Na taka fedar gurnani, na taka ta maimaitawa, na murɗe kowane maɓalli har ƙarshe, na fara takawa zuwa wajen dattawa ina rangaji. Waya na warwaruwa a bayana. Samari, don kada a taka ta, suka ɗaga ta sama suka saƙala a reshen bishiya da kan wata rumfa. Na ji wani ɗan shuuu ya fara fita daga lasifika, na ce iska ce.

Na isa gaban Alhaji, na sa gwiwa ɗaya a ƙasa, na ɗaga murya na ce, "Baba Alhaji, wannan naka ne!" Na ɗaga hannu sama zan sauke shi a kan tsirkiya. Karo na farko a rayuwata ya dube ni ido cikin ido.

Hannun bai sauka ba. Wata murya ce ta riga ni, muryar namiji, a natse, ta cika unguwar daga kan bishiya:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un… un… un. Ana sanar da rasuwar… war… war…"

Na daskare. Na dubi jitar, wallahi har na leƙa bayanta. Doguwar wayata ce ta kamo gidan rediyo, daidai lokacin da ake karanta sanarwa, fedar gurnani ta ƙara mata ƙarfi, ta maimaitawa kuma tana tabbatar da cewa ko kurma ya ji. (Wannan bayanin daga baya Ɗanladi ya yi mini shi, yana riƙe da ciki, hawaye na zuba.)

Maza dai suna ganin Alhaji a zaune da ransa. Mata ne ba sa gani. Su abin da suka sani, sun ji an ambaci Alhaji, sai lasifikar ƙofar gidansu ta ɗauki salatin mutuwa. A gidan biki wa zai tsaya jiran suna? Kuka ya tashi a cikin gida gaba ɗaya. Gwaggo Dije, yayar Alhaji, ta fito a guje ba mayafi, muciya a hannu, tana "Garba! Garba!" Ta yi turus da ta gan shi yana tauna goro, ga wani mai tulin suma durƙushe a gabansa da jan abu a ƙirji.

"Lafiyata lau, Yaya," in ji shi. "Koma ki ce musu ban tafi ba tukuna."

Na yunƙura zan ruga in cire batir. Ina motsawa muryar ta dushe, ta koma shuuu.

"A'a, yaro, koma yadda kake," Alhaji ya ce. "Bari mu ji ko wane ne."

Na koma. Muryar ta dawo tangaran. Mamacin wani bawan Allah ne a can wani gari mai nisa, ba wanda ya san shi, dattawa suka yi masa addu'a suka shafa. Na ce to, an gama, zan tashi. Sai mai karatun ya shiga sanarwar rabon takin zamani.

Jama'a, damina na ƙaratowa, kuma duk wanda ke kan tabarmar nan manomi ne. Wuri ya yi tsit fiye da lokacin da nake kiɗa. Hannuna ya gaji na ɗan sauke wuyan jitar, maganar ta yanke.

"Ɗaga, ɗaga!" in ji wani tsoho. "Yauwa. Ɗan karkato gabas. Tsaya nan, kada ka motsa."

Wani ya aika a kashe fedar maimaitawa, wai tana hana shi gane sunayen garuruwa. Haka na zauna, gwiwa ɗaya a ƙasa, jita a sama, gumi na bin bayana, ina kamo wa dattawan Dayi tasha. Aka gama taki aka shiga cigiyar shanu, aka saurara. Wani tsoho ya taso da sandarsa ya manna mini kwabo a goshi, ya ce rediyonsa na gida bai taɓa kamawa haka ba. Liƙin da na samu ke nan a duk rayuwata ta kiɗa. Kunya kuwa, na ji ta har cikin ƙashina, na yi fatan ƙasa ta tsage. Da na saci kallon zaure sai na hango Lantana cikin 'yan mata, ta cusa gefen gyale a baki, kafaɗunta na rawa.

Da aka gama sanarwa Alhaji ya ce, "Madalla, sannu da aiki," masu kalangu suka ɗora daga inda suka tsaya. Kafin in gama naɗe wayata, an riga an raɗa mini suna: Eriya.

Duk da haka bayan kaka na tura baffannina. Abin mamaki, Alhaji bai ko tambayi asalina ba. "Eriya? Ai na san shi. Yaro ne mai haƙuri, in an ce ya tsaya yana tsayawa. In yarinya na so, na ba shi." Aka aika ciki a tambayo ta. Amsar ba ta daɗe ba. Ta ce a ba ni haƙuri, ba ta ƙi ni don komai ba, amma duk lokacin da ta tuno fuskata dariya ke kama ta, kuma ba za ta iya zama a garin nan ana ce mata matar Eriya ba. Wannan ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, don da gaske nake son ta.

Jar jitar na mayar wa Ɗanladi, ya musanya mini da baƙar, wadda har yau tana nan a bayan ƙofa da gajeriyar wayarta. In yaran yanzu suka zo neman shawara kan kayan kiɗa, nakan ce su zaɓa da kunne, su bar waya yadda masu ita suka yi ta, su kuma gwada kaya a filin da za su yi wasa kafin jama'a su taru. Sauran darasin nakan bar wa kaina. Na daɗe ina addu'a Alhaji ya san da zamana, kuma an amsa mini, ni ne dai ban faɗi ta wace hanya ba.

Bara na haɗu da Lantana a asibitin Malumfashi, ta zama Hajiya, ta kawo jikarta. Muka gaisa a mutunce, muka tambayi iyali. Har ta juya za ta tafi, sai na ga gefen mayafin nan ya nufi baki.

"Malam," ta ce, "yaushe za a raba taki bana?"