Limamin da Ke Cikin Tabilet

"Ni fa a duk Diobu babu na'urar da ta isa ta yi min gardama," in ji Nasidi, yana dukan ƙirji a ƙofar shagonsa na cajin waya da ke Mile One, cikin unguwar Diobu a Fatakwal. "Kwamfuta in ta ji takuna, kanta take gyarawa!"

Kai dai ka san irinsu, abokina. Bara waccan albasa yake sayarwa. Ya sayi tsohuwar laftof da tabarau marar magani, sai ga allo a ƙofa: Injiniya Nasidi. Maƙwabcinsa Gwadabe mahauci kuwa Injiniyan Albasa yake ce masa.

Ran nan Liman Fakhruddeen ya kawo tabilet ɗinsa, ta ƙi buɗe komai. A cikinta karatun marigayi malaminsa yake, wanda yake sa wa jama'a ta lasifika kullum bayan La'asar. Nasidi kuwa ya daɗe yana mutuwar son Mahbuba 'yar Liman, bai taɓa samun bakin faɗa ba.

"Allah gafarta Malam, wannan ai wasa ne! Ajiyar kayan tabilet ɗin na cikin laftof ɗina tun wancan watan. In goge, in maido, kafin La'asar ta dawo amarya."

Liman na juya baya ya daka tsalle. "Gwadabe, ɗinka babbar riga! Wannan tabilet ita ce sadakina."

Abin da bai faɗa ba, da safen nan laftof ta nemi a sabunta manhajarta, shi kuma gwanin ya danna mata e. Ta tashi da sabuwar fuska, komai ya sauya wuri. Ya goge tabilet tas, ya soka kebul. Shiru. Laftof ta yi kamar ba ta taɓa ganin tabilet ba a duniya.

Ya hura ramin kebul. Ya lashi bakin kebul ɗin. Ya hau okada har Mile 2 ya sayo sabo. Shiru dai.

"Danshin Fatakwal ne," in ji shi, ya tura tabilet cikin buhun shinkafar Hajiya Kande mai abinci. Hajiya ta biyo shi da ludayi.

Duk sokawar da ya yi kuwa, wani ɗan rubutu na fitowa a fuskar tabilet, shi kuma yana kore shi kamar ƙuda.

"Wai me take cewa ne?" Gwadabe ya leƙo.

"Tambaya take wai ko ta yarda da wannan kwamfuta. A garin nan? Inda ake sayar wa mutum gidan da ba na mai sayarwa ba? Ni ban yarda da kowa ba!" Ya sake danna a'a.

"Kai sakarai, laftof ɗin ba taka ba ce?"

Nasidi ya gyara zaman tabarau. Ya danna e. Nan take laftof da tabilet suka gaisa.

"Dama gwada ka nake," in ji shi.

Saura maido da kaya. Ajiya biyu ya tarar, ta Liman da ta tsohuwar tabilet ɗinsa, amma sabuntawar nan ta cinye sunayen, sai lambobi. Ɗaya ƙarama, ɗaya ƙatuwa.

"Ka buɗe ka duba mana," in ji Gwadabe.

"Ji min mahauci! Ilimin Liman guda zai zama ƙarami? Mai nauyin ita ce tasa."

Ana kiran La'asar ya kai tabilet masallaci da hannu biyu, ya zauna a sahun gaba, yana baza ƙamshin turare. Aka idar. Liman ya haɗa ta da lasifika, ya ga sauti na farko an rubuta masa Liman, ya danna.

Sai muryar Nasidi ta cika Mile One: "Allah gafarta Malam, na zo neman auren Mahbuba."

Ashe tasa ajiyar ya maido, mai gwajin neman auren da ya taɓa naɗa. Sai kuma shi ɗin dai da murya mai kauri, yana kwaikwayon Liman har da ɗan tarin nan nasa: "Ehem! Injiniya, ai kai ne muke nema! Na ba ka, na ba ka! Sadakin ma na yafe. Zo ka hau buzuna ka ja mu salla!"

Wayyo, masallaci ya kife! Ladan ya faɗi kan tabarma yana riƙe ciki. Masu nama a waje suka ajiye wuƙaƙe suna tafi. Nasidi ya yi wuf zai zare kebul, ya zaro na fanka.

Liman ya kashe sautin da kansa, bai ko yi murmushi ba.

"Karatun malamina fa?"

"Ya... yana cikin laftof, Allah gafarta Malam. A ƙaramar."

"To madalla. Gwadabe, ka kai wa wanda ya iya." Ya gyara rawani zai tashi.

Shi kuwa gogan, da yake kunya ba ta gama kashe shi ba, ya matso a durƙushe. "Malam, tunda dai magana ta riga ta fito... batun Mahbuba fa?"

Liman ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna tabilet da carbi.

"Ai an riga an ba ka, Injiniya. Limamin da ke cikin nan ne ya ba ka, sai ka je ya kawo maka tasa 'yar."