Yadda Ake Auna Amanar Ma'aikaci, Bisa Tsarin Alhaji Armaya'u Mai Inji

Kai maigida, kai da Allah Ya hore wa mutum biyu ko uku suna cin abinci a ƙarƙashinka, na san abin da ke hana ka sakewa. Kana ganin haƙoransu kullum, amma ba ka taɓa ganin cikinsu ba. To kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin gero ya nuna za ka san zuciyar kowane yaronka kamar yunwar cikinka. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya tashi babu sakamako ba. Irin sakamakon ne dai kowa da nasa.

Ba daga kaina na ƙago su ba. Wanda ya fara gwada su shi ne Alhaji Armaya'u, mai injin niƙa a bakin kasuwar Batsari, a shekarun nan da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, suka sa kowa ya ɗaga kafaɗa. Ma'aikatansa uku ne. Akwai Usaini, mutumin Yasore, wanda ke tayar da injin yana lallashinsa tun ranar da aka sauke shi daga mota. Akwai Tasalla, dattijuwa mai jera kwanukan niƙa da raba faɗan layi. Sai Daudu mai ɗaukar buhu, wanda ya fi kowa iya magana.

Mataki na ɗaya: Nemo wanda zai tayar maka da hankali

Ba a auna abin da ba a zarga. In kana zaune lafiya da mutanenka, wannan alama ce ta sakaci.

Shi Alhaji ya yi sa'a, yana da ƙanen mata mai suna Hashimu, malamin ofis a Katsina. Hashimu ya zo gaisuwa wata Juma'a, ya ci tuwo ya ƙoshi, ya ce, "Alhaji, kana nan zaune duniya ta wuce ka. 'Yan kwangila na bi ƙauye-ƙauye suna kwashe ma'aikata, ana ta gina makarantu. Manyan kamfanoni yanzu auna zuciyar ma'aikaci suke yi kamar yadda ake auna gyaɗa. Kai ka auna naka?"

"Da mi ake auna ta?" in ji Alhaji.

"Da dabara," in ji Hashimu, ya wanke hannu ya kama hanya.

Daga ranar Alhaji bai ƙara jin daɗin goro ba. Haka ake so.

Mataki na biyu: Dubi gwiwa

Masana sun ce amana a gwiwa take taruwa. Ka zauna a kujerarka da safe, ka lura da yadda kowa ke durƙusawa.

Daudu tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Ya zube, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi babur, har ragon da ke ɗaure a ƙofar gida sai ya ji lafiyarsa. Tasalla takan ce gwiwarta ta ƙi, ta yi gaisuwarta a tsaye tana ƙirga yaran da suka tsallake layi da ido. Usaini kuwa yakan ɗan rusuna ya ce, "Ina kwana Alhaji, bel ɗin injin nan fa ya kusa tsinkewa," ya wuce.

Alhaji ya kaɗa kai. Mutum ya gaishe ka da bel? Ya ajiye wannan a ransa.

Mataki na uku: Yi tafiyar da ba ka yi ba

Ka sanar da kowa za ka birni. Ka sa babbar riga, ka yi sallama da ƙarfi, sannan ka zagayo ta baya ka ɓoye inda za ka ji abin da ake faɗi a bayan idonka. Hikima ce tsohuwa. Amma ka fara tambayar abin da za a niƙa ranar.

Alhaji bai tambaya ba. Ya ajiye babur gidan wani abokinsa, ya lallaɓo ya shige ɗakin ajiyar buhuna da ke manne da rumfar inji, ya lafe bayan buhunan dawa, ya kasa kunne. Usaini ya murza hannun inji, inji ya ɗauka. Nan Alhaji ya tuna abin da ya kamata ya tuna tun a gida: in injin niƙa na aiki, ko kirarin sarki ake yi ba mai ji. Ya zauna cikin zafi tun hantsi yana sauraron injinsa.

Can sai ƙofa ta buɗe. Daudu ne. Ya duba hagu ya duba dama, ya haye buhuna ya miƙe, kafin ka ce kwabo ya fara minshari, ƙafarsa na kusa da hular Alhaji. Alhaji ya yi nazari ya ce a ransa, "Ka ga mai amana, ko hutawa zai yi sai a kan dukiyata, don kada wani ya taɓa."

Da azahar aka kashe inji. Alhaji ya gyara zama, ga lokacin da yake jira. Tasalla ta yi maganar akuyarta da ta ƙi cin dusa. Usaini ya ce hadarin jiya ya sauka wajen Wagini, su Yasore ko ɗigo. Suka yi maganar tsadar kanwa. Ba wanda ya zagi Alhaji, ba wanda ya yabe shi, ba ma wanda ya ambace shi. Wannan ya fi masa zagi ciwo.

Da aka dawo daga salla sai wata mata ta kawo barkono na biki, ƙwarya guda. Ƙurar ta bi ta tagar ɗakin. Alhaji ya toshe hanci da hannun riga, ya ciji leɓe, ya karanto duk abin da ya sani, amma atishawa ba ta san maigida ba. Ta fito kamar harbin bindiga. Shi kuma bakin da ya saba, kafin ya kama shi har ya ce, "Alhamdu lillahi!"

Daga waje, cikin natsuwa, muryar Usaini ta amsa: "Yarhamukallahu."

Bai ko leƙo ba. Washegari kowa ya yi wa Alhaji barka da dawowa daga Katsina, Tasalla har da tambayar ko hayaƙin birni ne ya jan masa ido.

Mataki na huɗu: Kwanta ciwo

Wannan shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Ka shiga ɗaki ka ja bargo, ka sa a ce jiki ya motsa, ka ga wa zai zo da kuma irin fuskar da zai zo da ita.

Daudu ne ya fara isowa. Tun daga zaure ake jin kukansa. "Wayyo bangonmu! Allah Ka ɗauke ni Ka bar Alhaji!" Ya zauna ya sha kunun da aka dama wa marar lafiya, ya share hawaye ya tafi.

Tasalla ta zo da ƙwarya a lulluɓe. Jiƙon maɗaci ne, wanda ya kwana.

"Ajiye nan, Inna, in an jima na sha," in ji Alhaji da 'yar siririyar murya.

"Ban ajiyewa. Ni na san halin maza, in na juya baya ka ba ƙasa. Ɗaga kai."

Ya ɗaga. Ta tsaya a kansa har ya ga gindin ƙwaryar.

Usaini bai zo ba, don ranar kasuwa ce kuma layin niƙa ya kai bakin hanya. Amma ya aiko da wanzami, ya ce a duba bayan Alhaji, ya daɗe yana ganin yana dafe ƙugu. Wanzami ya zo da ƙahonninsa da askarsa. Alhaji ya ce ai ya ji sauƙi. Wanzami ya ce duk mai mataccen jini haka yake cewa. Aka kifa shi.

Da yamma Alhaji na kwance rub da ciki, baya na zafi, baki na ɗaci, ya yanke hukunci: Daudu na gaba, Tasalla na tsakiya, Usaini kuwa ko ƙafarsa bai gani ba. Ka lura da kyau, ma'aunin nan ba ya duba wanda ya tsare maka sana'a ranar da kake kwance. Ba aikinsa ba ne.

Mataki na biyar: Ɗana tarko

Yanzu ka san wanda kake zargi. Saura ka kama shi dumu-dumu. Ka samo wanda zai je masa da tayin aiki na ƙarya, ka ga ko zai haɗiye.

Alhaji ya aika aka kira Hashimu. Aka sa masa baƙin tabarau da hular kwano ta masu gini, aka ba shi jaka ya rataya. Ya sami Usaini yana goge farantin inji, ya sauya murya ya ce shi wakilin wani babban ɗan kwangila ne, suna neman mai hannu a inji, ga albashi, ga ɗaki, ga keke.

Usaini ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Malam Hashimu, ya mutanen Katsina?"

Hashimu ya yi tari.

"Alhaji ya turo ka?"

Hashimu ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, kamar amsar na jiki.

Usaini ya koma kan aikinsa. Ya gama niƙan ranar har kwano na ƙarshe. Ya wanke inji, ya zuba masa mai, ya share rumfa. Sannan ya je ya sami Alhaji a ƙofar gida, ya durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da bai taɓa yi ba, ya ajiye makullin rumfa a gefen tabarma.

"Alhaji, na gode da zama. A yafe mani abin da na yi wanda na sani da wanda ban sani ba."

Kafin Alhaji ya haɗa kalma, har Usaini ya sha kwana.

Mataki na shida: Zauna ka ci sakamakonka

Sati bai zagayo ba bel ya tsinke. Alhaji ya ce Daudu ya karɓi inji tunda shi ne na gaba a ma'auni. Daudu ya murza hannun inji, hannun ya dawo ya buge shi a haɓa. Bayan kwana kaɗan ya zo da kuka mai tsuma zuciya ya ce wani kawunsa ya samo masa aikin masaƙa a Kaduna, amma zuciyarsa na nan Batsari har abada. Ya tafi da sauran jikin.

Aka bar Alhaji da Tasalla. Shi ke tayar da inji, shi ke juye hatsi. Gari ya riƙa fita da tsaki-tsaki, mata suka fara ɗaukar kwanukansu suna komawa ga dutsen niƙa. Tasalla ta zuba masa ido har ranar da ta gaji.

"Alhaji, Usaini na can Safana wurin ginin makaranta. Babur ɗinka na da mai ko babu?"

Mataki na bakwai: Wanda ba ya cikin tsari

Ni dai ban ba ka shawarar wannan ba, don yana zubar da girman maigida. Ina faɗa ne kawai saboda ya faru.

Alhaji ya hau babur ya nufi Safana. Ya tarar da Usaini a bayan gari yana kula da injin kwaɓa siminti, ga azuzuwa sun kai linta. Suka gaisa, suka koma gindin wata bedi. Alhaji ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi maganar damina, ya yi maganar hanya, daga ƙarshe dai ya sauke.

"Usaini, na yi wauta. Tsoro ya kama ni, na ga ana ta kwashe mutane."

"Alhaji, su masu kwashewar ai sun daɗe suna zuwa wurina. Na gaskiya, ba masu tabarau ba. Ina ce masu ina da maigida."

"To don mi ba ka taɓa gaya mani ba?"

"Abin faɗi ne? Mutum ya dawo gida ya ce yau ban yi sata ba?"

Alhaji ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Can ya ce, "Taso mu tafi. Duk abin da suke ba ka na ƙara. Kuma ranar da duk kake son zuwa gonarka, ka tafi, ba sai ka tambaya ba."

Usaini ya girgiza kai. "Ba ni iyawa yanzu. Na yi wa mutumin nan alkawari ina nan sai an ɗora kwano. In na tsinke masa yau don ka zo, kai ma gobe da wane ido za ka dube ni?"

Alhaji ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ga abin da ya sha ɗaci da zafi yana nema, an ajiye masa a gabansa a fili, sai dai yau wani ke cin moriyarsa. Ya hau babur ya koma shi kaɗai.

Aka ci gaba da gini a Safana, Alhaji ya ci gaba da fama a Batsari. Duk wanda ya fito daga wajen Safana sai ya tare shi, ba ya tambayar lafiyar kowa, sai dai, "An ɗora wa makarantar nan kwano?" Har mutane suka fara cewa Alhaji Armaya'u ya zama mai kishin ilmi.

Bayan an yi girbi, wata safiya inji na tari yana fitar da baƙin hayaƙi, Alhaji ya yi fari fat da gari tun daga gira har gemu, sai ga mutum tsaye a bakin rumfa da ƙullin kaya a kafaɗa. Usaini ya karkata kai ya saurari injin na ɗan lokaci, fuskarsa kamar ta wanda ya tarar an yi wa ɗansa mugun aski.

"Wa ya yi masa haka?"

"Ni ne," in ji Alhaji.

Usaini ya ajiye ƙullinsa ya naɗe hannun riga.

"To matsa, Alhaji."

Alhaji ya matsa.

Gargaɗi

Mai wannan bayani bai taɓa mallakar inji ba, bai taɓa ɗaukar ko mai share masa ƙofar gida ba, iliminsa duk na bakin kasuwa ne. Saboda haka duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari shi ne maigida shi ne yaro, ruwansa. Kada a aiko mani da sammaci, kada a haɗa ni da mai unguwa, kada kuma a zo mani da kuka a ƙofar gida lokacin cin tuwo. In alƙali ya tambaye ka wa ya ba ka shawara, ka ce a mota ka ji.