Tunau da Gurbin Famfo

Mu uku ne a gidan: ni, da jikana Tunau, da matarsa Ladiyo. Gonar albasata ce ke ciyar da mu, famfon sola kuma ke shayar da ita. Malam Sabi'u da ya haɗa famfon ya koya wa Tunau rubuta masa lamba da kwamfuta, lambar da ke faɗa wa famfon tsawon aikinsa. Ni ban yi boko ba, amma na riƙe abin da na ji: gurbin lambar yana da mazauni takwas, lissafinsa har da haruffa, cikarsa harafin F sau takwas a jere, kuma ba ya sauka ƙasa da sifili.

Wata rana na ce wa Tunau, "Angona, famfon nan yana saurin tsayawa. Cika shi." Ya jera F takwas. Ruwa ya wuni yana zuba, ya cinye kunyoyina, ya gangara cikin tumatirin Barau maƙwabcinmu. Na ce, "Ba ka da ido?" Ya ce, "Iya, cikawa kika ce, ba ki ce dubawa ba."

Wata rana Sabi'u ya bugo waya ya ce a mayar da lambar sifili. Ni kuma haushi bai sake ni ba, na ce wa Tunau, "Rage ɗaya ma a kai." Ya rage. Ashe gurbin in an taɓa ƙasan sifili, sai ya juya ya koma cike. Barau ya sake zuwa, laka har gwiwa. Na gaji da ba da haƙuri.

Wata rana za mu ta'aziyya nesa, zafi ya tsananta. Na ce, "Yanzu kam cika shi, ka yi mini gyara. Ban taɓa karɓar mudu ba gyara ba." Ya jera F takwas, ya ƙara ɗaya. Gurbin ya zubar da komai, ya koma sifili. Famfo bai motsa ba har muka dawo.

Na tarar da albasa ta kwanta, na nemi muciyar dukan Tunau. Sai ga Barau riƙe da ƙonannen famfonsa. Ruwan ƙasa ya ja baya a bayanmu, duk famfon da ya yi ta zuƙar iska ya ƙone. Namu kaɗai ya tsira. Sabi'u ya ƙara tsawon bututu, albasa ta miƙe.

Ladiyo ta ce, "Iya, yau sai ki yaba wa Tunau."

Na ce, "Wa ya ce a yi gyaran? Zuba mini tuwo."