Rasuwar Ɗan'auta, Jirgin Bom na Kallamu Mai Albasa

Da zuciya cike da baƙin ciki, har da ɗan haushi a ciki, Kallamu mai albasa na Head Bridge, Onitsha, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jirginsa, Ɗan'auta, wanda ya bar mu ranar Alhamis da hantsi, ba ciwon kai, ba sallama.

Ga wanda bai san marigayin ba, jirgin jefa bom ne irin na yaƙin duniya na biyu, mazauni a cikin wasan yaƙin jiragen sama da ake bugawa a waya da mutanen ko'ina. Mai dariya ya yi ta yi. Amma ya fara zuwa ya yi Litinin guda a garin nan, ranar da ake tilasta wa kowa zaman gida, kasuwa a rufe, titi ba ko okada, kai da buhunan albasa a shago ɗaya an datse ƙofa, kuna zufa tare, suna ruɓewa kana ji. Kallamu ba ya karatun littafi, rediyo kuma tsoro take ƙara masa. Marigayi ne kaɗai ke fitar da shi daga ɗakin nan, ya kai shi saman gajimare inda ba mai tare hanya.

Marigayi ba kyakkyawa ba ne, a faɗi gaskiya. Ƙato ne, mai tumbi, tafiyarsa kamar tirelar da aka yi wa lodi ya wuce ƙa'ida. Idan zai tashi sai ya yi tari, kuf, kuf, sannan ya kama gurnani, guuuu, har wayar ta ɗau zafi. An sa masa suna Ɗan'auta saboda kullum shi ne na ƙarshen isowa. Bindigarsa kuwa ko kaza ba ta taɓa kashewa ba. Amma bai taɓa zubar da kayan da aka ɗora masa a hanya ba.

Da yake ba ya iya kare kansa, dole sai da 'yan rakiya. Yunus mai tumatir na Kasuwar Artisan a Enugu, wanda shi ma Litinin ke kullewa, yana riƙe dama da ƙaramin jirginsa. Innocent, ɗan Kudancin Kaduna mai gadin wani sito a Mile 3, Fatakwal, yana riƙe hagu. Kallamu bai taɓa ganin fuskar ɗayansu ba, muryarsu kawai ya sani. Yunus kan ce, “Baba Kallamu, wannan akwalar taka da itace take tafiya?” Innocent kuma ya ce, “Oga, abeg ka taka wuta, tun ina saurayi muka taso!” Tafiyar da tsawo, saboda haka hira ake yi. A cikin marigayin ne Kallamu ya ji matar Yunus ta haihu. A cikinsa ne ya faɗa musu abin da bai faɗa wa mutanen gida ba, cewa ya gaji da garin nan kuma ba shi da abin da zai koma ya tarar.

Ajalinsa ya zo ne daga hannun masu wasan. Sun ƙaro sabon samfurinsa, wai ƙaninsa ne, fukafuki iri ɗaya, amma an sa masa inji mai gudu da bindigogi gaba da baya har da ƙarƙashin ciki. Suka ɗauke tsohon suka ajiye wannan a gurbinsa. Kallamu ya buɗe waya ya tarar da baƙo yana sheƙi a garejinsa. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya kashe ya kunna. Babu Ɗan'auta.

Sabon ba ya buƙatar kowa. Shi ya sa Yunus ya ɗauki nasa sabon, Innocent ma ya ɗauki nasa, kowa ya cilla gabansa. Litinin da ta wuce Kallamu ya tashi shi kaɗai, ya jefa bom, ya dawo kafin shayinsa ya huce, bai ji muryar ɗan'adam ba. Ya ci wasa. Ya ajiye waya ya zauna yana kallon ƙofa har la'asar.

Marigayi ya bar maigidansa, da abokai biyu da ba su zo gaisuwa ba, da cajar da aka ɗaure da roba. Ƙanin nan ba ya cikin magada.

Babu gawa, saboda haka babu wanka. An tuntuɓi liman, ya ce a bar shi ya ji da abin da ke gabansa. Za a yi rakiyar ƙarshe ranar Litinin bayan azahar, a cikin wasan. Kallamu zai hau sabon, tunda ba yadda zai yi, amma zai rage wuta ya tafi da saurin marigayi, kuma ya rantse ba zai taɓa bindiga ko ɗaya ba. Yunus, dama. Innocent, hagu. In ba ku zo ba za a harbo shi tun bai yi nisa ba, ya sake tashi a sake harbo shi, haka har magariba, kuma alhakin yana wuyanku.