Ranar da Na Gwada Hankalin Likita

Ina ɗalibar jinya a Dutse aka aike ni in gwada hankalin wani dattijo. Na tarar da mai furfura a benci, na nemi izininsa yadda doka ta ce, ina ji da kaina.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Ni ne babban likitan nan, 'yata."

Cikin tausayi na rubuta: "Yana ɗaukar kansa likita."

Da na kai takardar ofis, shi na tarar a kujera. Sista ta yi dariya har da hawaye.

Har gobe ban karɓi laifin ba. Me ya kai shi bencin marasa lafiya? Amma duk baƙon likitan da ya zo, sai abokan aikina su ce, "Ranka ya daɗe, nuna mata katinka tukuna."