Aljanar da na aro wa kakannina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban ɗalibai talatin da wani abu na yi rantsuwa cewa ni ba jikan kakana ba ne. Ko yanzu da nake rubutawa sai da na ji kunya ta kama ni.

Lokacin ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Madarumfa. Mun kai darasin gidajen yaƙin Turawan dā, sai na zo wa yara da hoton wani da na samu a wani tsohon littafi. Gidan dutse ne dogo, na wata zuriya a ƙasar Irlanda, an gina shi a bakin ruwa, tagoginsa ƴan sirara don harbin kibiya. Na ba su labarin yadda aka kewaye shi, aka ƙone shi, ƴan gida suka dawo suka sake ginawa. Sannan na kawo musu abin da ya fi daɗi: wai zuriyar tana da wata tsohuwa fara fat, gashi a buɗe, wadda ba ta bayyana sai in wani jinin gidan zai mutu. Ta fito tana kuka, shi ke nan, sai a fara shirin jana'iza.

Sai Rabi, wata yarinya da ke zama a gaba (kowane malami yana da irin tata, mai tambayar da ba ta cikin littafi), ta ɗaga hannu.

"Mushe, mu ba mu da irin wanga ne? Sai Turawa?" (Mushe ake kiran malami a makarantunmu, daga Faransanci.)

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma bakina ba ya son ya ga an fi mu. Na ce muna da shi mana, a gidanmu ma. Rabin maganar gaskiya ce, don a hanyar Gabi akwai kufan garin kakanninmu, da sauran ganuwar ƙasa da aka ce sun tare mahara a bayanta. Ɗaya rabin kuwa a nan take na ƙera shi. Na ɗauko tsohuwar Irlanda ɗungurungum na dasa ta a kufanmu. Har na ƙara mata gishiri, na ce tamu da rana tsaka take fitowa, kuma sai ta kira sunan wanda ta zo dominsa.

"To a kai mu mu gani," in ji Rabi.

Darakta, wato shugaban makaranta, ya ji, ya ce ai wannan shi ne koyarwa. Kwana uku ana ta maganarta a aji, sannan ya samo amalanken jaki biyu, sauran yara suka bi a ƙasa.

Shekara huɗu rabona da ƙauyenmu, kufan kuwa tun ina yaro ake hana mu shigarsa in rana ta take. Na manta da wannan sai da na hango tsamiyar wurin. Na duba agogo, sha biyu da ƴan mintuna. Na fara tunanin ko ƙaryar da na yi ta faɗa kan wata gaskiya da ban sani ba. Wa ya san abin da ke kwance a kufai? Ka yi ta kiran abu a aji kwana uku, wa ya ce ba ya ji?

Wurin shiru, ko tsuntsu babu. Ganuwar ta zube sai wani ɓangare da ya kai tsayin mutum biyu, ruwan sama ya yi masa zane. Na tsaya ina bayani da muryar da ni kaina na ji ba tawa ba ce. Ina cikin nuna inda ƙofa take, sai muka ji shi.

Nishi ne, dogo, na mace, daga gindin ganuwa.

Yara suka matso jikina. Na ce iska ce ke bi ta rami (babu ko ganye ɗaya da ke motsi). Nishin ya sake zuwa, wannan karon da "wayyo" a ƙarshensa. Rabi ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mushe, duk cikinmu kai ɗai ne jinin gidanga ko?"

Na tuna matata tana da ciki wata bakwai. Na tuna ban yi sallar asuba kan lokaci ba. Wallahi a wannan lokacin na ga ɗana yana girma ana nuna masa hotona.

Sai ga hannu fari ya fito daga ƙasa ya dafa bakin wani rami. Sai kai, gashi fari a buɗe, a tsaitsaye. Fuska fara fat kamar an tsoma ta a gari, idanu jajaye suna zubar da ruwa. Ta fito zuwa ƙugu ta tsaya, ta kare ido da hannu, ta dube ni.

"Babana! Kai ne? Allah ya kawo ka. Tun ɗazu nike jira, taho!"

Sunan kakana aka sa mini, don haka a gidanmu manya ba sa faɗin sunana, Babana suke cewa. Babu mai sanin wannan a Madarumfa. Na so in gudu, ƙafa ɗaya ta tafi, ɗaya ta ƙi, na zube a ƙasa takalmi ya yi nasa wuri. Ayar da na kama karantawa ta tsinke a tsakiya. Abin da ya fito daga bakina a madadinta, da ƙarfi, gaban yara duka, shi ne:

"Baiwar Allah, kin yi kuskure! Ke ta Irlanda ce, a littahi na ganki! Ni ba jinin gidanga ba ne, wallahi kakana baƙo ne, wucewa ya zo yi!"

Tsohuwar ta goge fuska da bakin zane, fatar mutum ta bayyana, da zanen gidanmu a kumatu.

"Wane ne baƙon?" ta ce. "Ubana?"

Gwaggo Hajo ce, yayar mahaifina. Farar ƙasa ta zo haƙa a gindin ganuwa don shafen ɗaki, kamar yadda matan ƙauyenmu suka saba. Ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta cika kwarya, sai bayanta ya riƙe, ta kasa fitowa daga ramin. Tun hantsi take nishi ko wani zai wuce.

Rabi da wasu ƴan mata biyu suka fito da ita. Ni ina zaune a ƙasa da takalmi ɗaya. Ba wanda ya yi dariya tukuna, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Yaran suka kwashe labarin da na ba su a aji suka faɗa mata tas, har da gishirin. Ta saurara tana jinjina kai. Sannan ta zauna a inuwar ganuwa ta ba su tarihin wurin na gaskiya: yadda mata suke ɗebo ƙasa maza suna ginawa, inda rijiya take, da shekarar da ruwanta ya ƙafe mutane suka tashi. Babu aljana ko ɗaya a ciki. Yara suka cika takardu, abin da ban taɓa gani sun yi a darasina ba.

Da za mu tafi na matsa na durƙusa.

"Gwaggo, ki yi mani aikin gahwara. Tsoro ne."

"Na gani," ta ce. "Waɗanda suka gina wanga bango dawaki suka tare. Kai tsohuwa mai ciwon baya ta sa ka saida su. To tashi, Baƙo, ɗauki kwaryar."

Haka na ɗauki farar ƙasa a kai har ƙauye, tana zubo mini a fuska, ɗalibaina na biye. Kafin mu isa ni ma na koma fari fat, yaran ƙauye na ganina suna watsewa.

Sunan ya bi ni. A makaranta na zama Mushe Baƙo har na bar garin. Gwaggo kuwa ba ta sake ce mini Babana ba sai ranar sunan ɗana, shi ma da ta karɓi jaririn sai da ta duba kunnuwansa ta ce, "Wannan dai namu ne. Uban ne ba mu tabbatar ba."

Tun daga ranar, in ɗalibi ya tambaye ni abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba, je ka tambayi tsohuwar gidanku. Aljanun mutane kuwa na bar wa masu su. Wadda na aro sau ɗaya, da kakana na biya.