Jirgin Baba da Shanun Jauro

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tara mutane a bakin dam ɗin Kazaure don in kare mutuncin jirgin mahaifina, na ƙare tsaye cikin ruwa iya ƙugu, saniya tana lasar ƙeyata. Ko na so in manta ma, mutanen unguwarmu ba za su bari ba.

Bari in fara daga jirgin. Marigayi Babanmu, wanda abokansa ke kira Malam, ma'aikacin kula da kamun kifi ne. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin kayan aiki, abokansa suka kwashi babura da kujeru, shi kuwa ya dawo gida da jirgin ruwa. Ƙaramin jirgi ne na faiba, irin robar nan mai tauri, shuɗi, mai ɗaukar mutum biyar idan babu mai tumbi a cikinsu, da inji a baya wanda ake tayarwa da igiya. Jirgin ya girme ni. A cikinsa muka taso ni da babban wanmu, Yaya Sabo. Sai dai Yaya ya zama babba a ƙaramar hukuma, ya daina kusantar duk abin da zai jiƙa masa riga. Ni kuwa auta, malamin firamare, na maƙale wa jirgin.

Wanda bai taɓa riƙe tsohon jirgin faiba ba, bai san wahala ba. Rana ta buge shi ya tsage, ka kankare wurin da samfefa, ka shimfiɗa zaren gilashi, ka shafe da wani gam mai warin da ke hawa kai. Zaren nan kuma in ya taɓa fata, ka gama zama lafiya ranar. (Na taɓa shiga aji ina susa, har wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ba ni shawarar in je asibiti.) Injin kuwa ya fi tsohon miji rigima. Sai ka haɗa masa fetur da baƙin mai daidai yadda yake so, ka cire fulogi ka goge ka hura ka mayar, ka ja igiya har kafaɗarka ta sage, sannan ya yi tari biyu ya yi shiru. Duk da haka ina son abina, don in na zauna a cikinsa kamar Baba yana nan.

Bayan rasuwar Baba aka raba gado lami lafiya, sai jirgin ya rage. Yaya ya ce a sayar. Har ya samo mai saye, wani Alhaji Ilu mai gidan kifi a Roni, wanda ya ce zai cire injin, ya ɗora jirgin a kan bulo, ya cika shi da ruwa ya zuba tarwaɗa. Da na ji haka sai da idona ya kawo ruwa.

“Yaya, jirgin Baba fa! Tarwaɗa?”

“Auta, abin da ba ya tafiya ba jirgi ba ne, baho ne,” in ji shi. “Amma ba zan zalunce ka ba. In ruwa ya sauka dam ya cika, ka ɗauke mu ka tsallaka da mu ka dawo. In ya yi, naka ne. In ya ƙi, Alhaji ya zo da motarsa.”

To, akwai abin da Yaya bai sani ba. Matata Hadiza ta daɗe da cewa jirgin ya cinye mata tsakar gida, ko wurin shanya babu. Da rani ya yi, dam ya janye, sai na ɗora shi a amalanke na kai shi rugar Baffa Jauro, tsohon aminin Baba, can bayan dam, muka kwantar da shi a inuwar tsamiya. Ba a daɗe ba Baffa ya ce mini kwamin shanunsa ya fashe, ko zan yarda ya riƙa zuba musu dusa da kanwa a cikin jirgin kafin ya sami wani? Na so in ƙi. Amma duk zuwan da zan yi sai na dawo da ƙwaryar kindirmo, kuma ni a kan kindirmo ba ni da wani tsayayyen ra'ayi. Na yarda. Duk sanda Yaya ya tambayi jirgi, sai in ce yana wurin injiniya.

Har da idona na ga yadda ake yi. Da la'asar Baffa zai juye dusa, ya ɗaga sandarsa ya bugi gefen jirgin, ƙwam, ƙwam, ƙwam, sai ka ga garke ya taso a guje daga ko'ina. Ranar dariya na yi, har na ce masa shanunsa sun fi ɗalibaina jin ƙararrawa.

Da damina ta kankama na karɓo jirgin. Na wanke shi da sabulu, na toshe inda ƙaho ya karce, na sake masa shuɗin fentinsa. Saboda ragwanta, maimakon in kai shi inda masunta ke ajiye nasu, sai na sauke shi a mashayar da ke kusa da rugar, don nan ya fi sauƙin ja. Saboda son a gan ni kuma, na sa lokaci bayan la'asar, lokacin da jama'a ke fitowa shan iska. Na gayyaci malaman makarantarmu, na gayyaci maƙwabta. (Har hular malafa na saya. Ban san wanda ya ce mini direban jirgi yana sa malafa ba.)

Yaya ya iso cikin farar babbar riga da ta sha guga, Alhaji Ilu a bayansa yana kaɗa makullin mota. Na riƙe musu jirgi suka shiga suka zauna, na tura shi kaɗan na haye. Na yi bismilla na ja igiya. Shiru. Na sake ja. Ya yi tari ya yi shiru. Na cire fulogi na hura, ina murmushin da ba na jin daɗi ba, na mayar na ja. Ko tarin ma wannan karon ya hana ni.

“Malam, kada ka wahalar da kanka,” in ji Alhaji. “Tarwaɗa ba ruwanta da inji.”

Mutane suka yi dariya a bakin ruwa. Nan fa jinin malanta ya motsa. Malami in darasi ya ƙwace masa, jawabi yake komawa, ni ma na miƙe tsaye a tsakiyar jirgi na gyara malafa.

“Alhaji, da girmanka, amma wannan jirgi ba na kiwo ba ne. Wannan jirgin mahaifinmu ne. Muddin ina numfashi, babu dabbar da za ta ci abinci a cikinsa! Tun da Baba ya rasu nake tattalinsa, ko kaza ban bari ta hau ba.”

Na ga wasu suna gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara girma. Na ɗauki filafilin tuƙi na ce, “Ku saurari ingancin faibar da, ba irin ta yanzu ba.” Na ɗaga na bugi gefen jirgin. Ƙwam, ƙwam, ƙwam.

Wallahi tun kafin filafilin ya bar jikin jirgin na tuna. 

Daga bayan tudu muka fara jin ƙasa tana rawa. Sai ga ƙahoni, sai ga shanu farare tas, garken Baffa Jauro gaba ɗaya, suna gangarowa a guje kamar an ce yau dusa ta ƙarshe ce a duniya. Jama'a suka watse. Wani abokin aikina ya bar takalminsa ɗaya a taɓo. Shanun ko kallon mutane ba su yi ba, suka faɗa ruwa suka yo kanmu, kowace ta nufi gurbin da ta saba tsayawa. Kafin in ce wani abu, kawuna sun cika jirgin. Wata tana lasar ƙasan jirgi, wata ta tura hanci ƙarƙashin kujerar Alhaji, wani bijimi kuma da bai sami dusa ba ya kama hannun babbar rigar Yaya ya fara tauna a natse.

“Innalillahi! Auta, mene ne wannan?”

“Yaya, ni ma... ikon Allah ne. Wataƙila fentin ne ya burge su.”

Alhaji Ilu bai tsaya jin bayani ba. Ya tattare riga ya dira cikin ruwa, ya fita yana salati, makullin mota a sama.

Sai ga Baffa Jauro ya taho da gudu-gudu, sanda a kafaɗa. Na yi ta ƙifta masa ido, na yi ta girgiza kai. Amma Baffa mutum ne da bai san ɓoye-ɓoye ba, kuma muryarsa ta saba kiran shanu daga nesa.

“Kai, ɗan Malam! Ai kai ka kira su! Ka buga musu sau uku, me kake so su yi? Duk ranin nan a ciki suka ci, tun da ka ɗauke shi suke nemansa.” Ya hango Yaya, ya washe baki. “A'a, Sabo, kai ne? Sannu da zuwa. Ƙaninka ya kyauta mini ƙwarai. Ban taɓa samun kwami mai kyau irin wannan ba, ko ɗigo ba ya yi.”

Shanu suka ci gaba da lasar jirgi. Yaya ya juyo ya dube ni, hannun rigarsa har yanzu a bakin bijimi.

“Wannan ne injiniyan?”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Da ruwan yana da zurfi da na nutse da kaina. Da na rasa inda zan sa fuskata, sai na juya wa kowa baya na kama igiyar injin, na fizge ta da dukan haushin da ke cikina. Ashe turereniyar shanun ta riga ta juya hancin jirgin ya fuskanci tsakiyar dam. Injin da ya ƙi ni tun ɗazu ya zaɓi wannan lokaci ya tashi da ruri. Shanu suka ja baya, jirgi ya zabura gaba, ni kuma na tafi ta baya, ƙafafu a sama, tsulum.

Da na ɗago, malafa tana yawo a kan ruwa, jirgi kuma ya yi gaba da Yaya shi kaɗai. Na ɗora hannu a ka. Na ce shi ke nan, na rasa jirgi, ga shi zan rasa Yaya. Wata saniya ta matso ta fara lasar ƙeyata, ko ƙarfin korarta ban samu ba.

Jirgin ya yi tangal-tangal, sai na ga farar riga ta rarrafa baya ta kama hannun injin. Ya daidaita. Ya miƙe sak kamar an ja layi, ya nufi wancan ƙetaren, ya yi kwana mai faɗi ta gefen duwatsu, daidai inda Baba yake yin tasa. Baffa Jauro ya dogara da sanda yana kallo, ya ce a hankali, “Allah ya jiƙan Malam. Haka yake zama.”

Yaya bai yi saurin dawowa ba. Da ya iso ya kashe injin da kansa, jirgin ya sulalo ya tsaya a gabana. Hularsa ta tafi, rigar ta zama abin tausayi, idanunsa sun yi ja. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Ya dube ni tsamo-tsamo a tsakiyar shanu, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har yana riƙe ciki, yana share hawaye da hannun rigar da bijimi ya tauna, ni dai ban san ko duk hawayen na dariya ba ne.

“Tun da Baba ya rasu ban yi dariya haka ba,” in ji shi. Ya juya wajen Alhaji Ilu, wanda ke matse wando a bakin ruwa. “Alhaji, ka yi haƙuri, an fasa. Ya tsallaka ya dawo.” Sannan ya nuna ni da yatsa. “Kai kuma maƙaryacin banza, Asabar mai zuwa ka tanadi mai. Ni zan tuƙa, kai ka zauna a gaba ka riƙe hannunka.”

Haka jirgin Baba ya tsira. Yanzu da damina namu ne ni da Yaya, da rani kuma na shanun Baffa ne, a fili ba a ɓoye ba. Abin da bai tsira ba shi ne sunana. Har yau in na shiga ofishin malamai, sai wani ya bugi tebur sau uku, sauran su amsa da kukan shanu. Hadiza ma in ta gama tuwo ba ta kirana, murfin tukunya take bugawa.

Abin da na koya shi ne, in za ka rantse a gaban jama'a cewa babu wanda ya taɓa cin abinci a wuri, ka fara tabbatarwa masu cin ba sa kusa. Kuma abin haushin, in Hadiza ta buga murfin nan, zuwa nake yi.